Kalmar da Bukar Mai Ƙofa Ya Rasu Yana Jira

Ranar Laraba da hantsi ina kan keken ɗinkina a gindin tsamiyar da ke bayan tashar motar Haɗeja, sai na hangi Yagana, babbar 'yar Malam Bukar, tana ratsowa ta tsakanin motoci, ƙafafunta duk taɓo. Matan gidan Bukar ba sa zuwa tasha. Tun kafin ta iso na ɗauke ƙafata daga kan keke. Ta durƙusa daga ɗan nesa ta ce, "Baffa Buba, Baba ya cika." Maimakon in yi salati kamar kowane Musulmi, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai ruwa bai janye ba tukuna." Ta san abin da nake nufi, domin kowa a gidansu ya san mahaifinta ya aike ni wani ƙauye a bayan Baturiya, ni kuma ina jiran hanya ta buɗe. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Sai a lokacin na yi salati, na rufe keke, na bi bayanta.

Bayan azahar aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa. Direbobi sun zo, 'yan kamasho sun zo, makanikai sun rufe rumfunansu. Kowa ya faɗi abin da aka saba faɗa: mutumin kirki ne, mai haƙuri, ba ya shiga harkar da ba tasa ba. Duk gaskiya ne in ban da na ƙarshen, don Bukar ya shiga harkar ƙofar motar kowa a garin nan, an kira shi ko ba a kira shi ba. Ni da na zauna kusa da shi tun shekarar da Turawa suka miƙa mulki har ciwo ya kwantar da shi, ina ganin in na tsaya a kan wannan yabon na cuce shi. Akwai abu guda da ya ɗauka a ransa shekara da shekaru, ya kuma tafi da shi. Wanda bai san wannan abin ba bai san Bukar ba.

Ni Bafulatani ne, shi Babarbare, saboda haka ba mu taɓa yi wa juna gaisuwar mutunci ba. Da safe in ya iso sai ya ce, "Bawana, an tashi lafiya? Yaya shanun da ba ka da su?" Ni kuma in tambaye shi ko an bar wa yara ƙayar kifin jiya, ko ita ma ya haɗiye. Sana'ata ɗinkin kujerun mota da lulluɓe kwalin ƙofa. Tasa kuwa cikin ƙofar ce: hannun buɗewa, makulli, injin ɗaga gilashi. Shi yake buɗewa, ni nake rufewa, inuwa ɗaya muke sha. Ba ya kwance ƙofa sai mai motar yana tsaye, domin abubuwa da yawa suna faɗawa ciki ta bakin gilashi. In ya tsinci ɗan kunne ko zobe ko ƙwayar carbi, ya tambayi direba bai san mai shi ba, sai ya rataye a wata ƙusa da ya kafa a jikin tsamiyar. Wata mata daga Miga ta zo ta ɗauki ɗan kunnenta bayan ta riga ta haifi yaron da take ɗauke da cikinsa ranar da ya ɓace mata.

Mutane suna ɗaukar ƙofar mota kamar ƙyauren ɗaki, ƙarfe guda kawai. Ba haka take ba, tana da ciki. In ruwan sama ya bugi gilashi, komai kyan robar da ke bakinsa, sai ya sulale ya shiga cikin nan. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka huda ƙananan ramuka a ƙasan ƙofa, suka kuma manna wata leda a jikin ƙarfen ta ciki, a bayan kwalin da fasinja yake jingina da shi. Ruwa ya bugi ledar, ya gangara, ya fita ta ramukan. In ledar ta yage ko ta ɓalle, kwalin ne zai sha ruwan, shi kuma ya jiƙa duk abin da ya taɓa shi. Zafin ƙasarmu ba ya barin ledar nan ta daɗe, don haka Bukar yakan yanko tasa daga cikin buhun takin zamani, ya wanke, ya shanya. Danƙon da yake mannawa da shi da kansa yake dafawa a gwangwani, kwalta da yankakken tsohon tib na taya. Yakan ja shi siriri kewaye da ƙofar ba tare da ya tsinke ba, sannan ya cusa gindin ledar a cikin tsagar ƙarfe don abin da ya gangaro ya koma ciki. In wani ya tambaye shi dalilin wannan wahala, sai ya ce, "Ba mai hana ruwa shiga ƙofa. Aikina in nuna masa inda zai fita."

Rigimarsa da direbobinmu na fadama ba ta ƙarewa. Su mutane ne da suka saba tsoma mota cikin ruwa in kogi ya yi ambaliya, sai suka ɗauka ramukan nan ta nan ruwan yake shigo musu. Kowa ya samo kakin zuma ko tsumma da sabulu ya toshe. Ka ga an tare hanyar fita, an bar ta shiga a buɗe. Bukar yana da wata 'yar waya mai lanƙwasa da yake tsokale su da ita, yana yi yana zagin direban cikin raha, direban yana ramawa. A wancan lokacin mutum ne mai yawan dariya, irin wadda ake ji tun daga bakin tasha.

Sai shekarun fari suka zo. Wanda ya gan su ba sai an tuna masa ba. Kogi ya koma rairayi, masunta suka rataye komarsu, dangina na daji suka riƙa shigowa gari da sanda babu abin korawa. A damina ta ƙarshe ta farin an yi shuka ta bushe, an sake ta sake bushewa, sai aka yi shela a fita roƙon ruwa. Da sassafen ranar wani direba mai suna Ɗanladi ya kawo motarsa ta fasinja, gilashin ƙofar gaba ya maƙale. Bukar ya kwance kwalin, tsohuwar ledar ta ruguje a hannunsa saboda bushewa. Ya gyara injin gilashin. Amma bai hura wuta ba ranar, danƙo a daskare yake, ga jama'a suna ta wucewa zuwa filin idi da tsofaffin riguna, da yara, da awaki.

A gabana aka yi. Ɗanladi ya ce, "Malam Bukar, mai da kwalin nan haka, fasinja na jira na."

Bukar ya ce, "Babu leda a ciki."

Ɗanladi ya yi dariya ya ce, "Ledar me? Yaushe rabon da mu ga ruwan da zai jiƙa kaza?"

Bukar ya ɗaga kai ya dubi sama, fara fat, ko ɗigon gajimare babu. Ya ɗaure kwalin, ya ce masa ya dawo da ita in ya juyo. Ko ƙasan ƙofar bai leƙa ba, alhali ramukan a toshe suke da tsohon kaki tun shekarun da ake ambaliya. Ya wanke hannu muka tafi fili. Na tsaya kusa da shi a sahu, na ga ya juya rigarsa kamar yadda liman ya yi, na ji yana amin yana kuka.

Washegari da la'asar gabas ta yi baƙi. Ruwan da aka yi ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Mata suka fito da tukwane, yara suka tuɓe, tsofaffi suka tsaya a ƙofar gida suna barin ruwa yana dukansu. Ni da Bukar muka ƙi shiga rumfa. Ya riƙe hannuna yana cewa, "Bawana, je ka gaya wa shanunka an yi ruwa!" Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji da ƙarfi, kuma har ga Allah a lokacin ya manta da motar Ɗanladi.

A daidai wannan lokacin motar tana kan hanyar Birniwa, ta kafe a cikin taɓo, ruwa yana dukanta har magariba. A kujerar gaba akwai Alaramma Isiyaku, wani tsohon mahaddaci na unguwarmu. Ya rubuta izu sittin da ka, da hannunsa, ba sau ɗaya ba, duk sun tafi hannun mutane. Wanda yake ɗauke da shi ranar shi ne na ƙarshe. Ya rubuta shi ne idonsa ya riga ya fara mutuwa, yana zama a ƙofar zaure inda rana take da ƙarfi, takarda kusan tana taɓa hancinsa. Alkawari ya ɗauka zai kai shi masallacin ƙauyen da aka binne malaminsa. Da ruwa ya kece, tsohon ya ji tsoron kada rufin mota ya yi yoyo, sai ya matse gafakar da littafin yake ciki tsakanin haƙarƙarinsa da ƙofa, ya lulluɓe ta da bargo ta sama. Ya tsare ta daga inda kowa zai zaci ruwa zai zo. Ƙofar ta cika kamar tulu, kwalin ya sha, fatar gafakar ta sha daga kwalin. Takardun ba a ɗinke suke ba, a jere suke, tawadar kuma da ƙaro ake haɗa ta, ruwa yana narkar da ita. Da aka buɗe a Birniwa, wajen sulusinsu sun manne wuri guda, baƙi da ja da rawaya sun gauraye.

Ba wanda ya ɗora wa Bukar laifi. Ɗanladi, da ya zo ya ba mu labari, ya riga ya gaya wa kowa ƙaddara ce, kuma kowa ya karɓa. Wa ya san akwai wata leda a cikin ƙofa? Na ga Bukar ya miƙe yana kakkaɓe riga, na ce masa, "Kai Babarbare, ina za ka? Wa ya tambaye ka?" Ya kama hanyar gidan Alaramma. Na bi shi don kada ya tafi shi kaɗai.

Mun sami Alaramma a zaurensa, takardun da suka tsira a shimfiɗe a kan buzu, waɗanda suka manne suna kan cinyarsa, ya ɗora tafin hannu a kansu. Bukar ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta malam, ni ne na buɗe ƙofar da ka jingina da ita, ni ne kuma na rufe ta ban sa abin da ke tare ruwa ba. Na san aikina, na san abin da zai faru in an yi ruwa. Na zo ka yafe mini."

Tsohon ya shafa takardun da ke kan cinyarsa. Can ya ce, "Da ka rufe ta haka, ina kake saurin zuwa?"

Bukar ya ce, "Roƙon ruwa."

Alaramma ya maimaita, "Roƙon ruwa." Sannan ya ce, "To. Allah Ya kyauta." Ya tattara takardunsa ya shiga gida.

A hanyar komawa na yi ta ƙoƙarin sanyaya masa rai, ina cewa ai Ɗanladi ne ya matsa masa, ai kakin nan ba shi ya toshe ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce, "Buba, bar wannan. Bakina ya je ya roƙi ruwa, hannuna bai yarda za a bayar ba." Ranar ce ya fara kirana da sunana.

Ya yi duk abin da mutum zai iya yi. Ya nemo wani mahaddaci da ya yarda zai cike gurbin abin da ya ɓaci, Alaramma ya ce hannun wani ba nasa ba ne, alkawarin da hannunsa ya ɗauka. Tsohon ya sake feƙe alƙalami ya fara da kansa, amma kafin wata damina ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Masallacin nan bai taɓa samun littafin ba. Daga nan kowace Sallah, ƙarama da babba, Bukar yakan yi wanka ya sa rigarsa mai kyau ya tafi zauren. Alaramma bai taɓa korarsa ba. Yakan gane muryarsa, ya tambayi iyali, ya laluba ya ba shi goro. Sai in Bukar ya ce, "Malam, ka yafe mini," sai ya ce, "Allah Ya kyauta." Kalmar nan ta "na yafe" ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushin tsohon nan, haushi mai tsanani. Mutumin da ya haddace duk inda aka yi umarni da afuwa, a ce kalma guda ta gagare shi? Na faɗa wa Bukar haka wata rana, na ƙara da cewa in ni ne, na daina zuwa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Kai in ɗinki ya ɓaci warwarewa kake yi. Ni in ƙofa ta ɓaci sake buɗewa nake yi. Shi fa sauran idonsa ya zuba a takardun nan, na zubar masa. A ina zai samo wani? Haƙƙinsa ne, in ya ga dama ya riƙe har gaban Allah." Wannan na ƙarshen shi ne abin da yake tsoro. Ya yarda, kamar yadda aka koya mana, cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba yana wanke shi, amma abin da ke tsakaninka da mutum sai mutumin ya sake ka.

Aikinsa ya canza daga lokacin. Ba ya barin mota ta tafi sai ya ɗaga gilashi, ya tsiyaya buta guda a kai, ya kwanta a ƙasa ya ga ruwan yana ɗiga ta ramuka, sannan ya shafa ledar ta ciki ya ji a bushe take. Sai bayan haka zai ce in mai da kwali. Ko a tsakiyar bazara haka yake yi, lokacin da ruwan butar saye ake yi daga 'yan garuwa. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, motoci suka cika gari, samarin makanikai suka buɗe rumfuna. Su yage ledar suke yi su jefar, su ɗaure kwali, mota ta tashi. Direba yana son mai sauri, don haka da yawa suka bar mu. Na yi masa mita, don ni ma abin ya taɓa tukunyata. Ya ce in ina so in ɗauki kekena in koma wajen samarin, ba zai ji haushi ba. Ban tafi ba, amma ban daina mita ba.

In babu aiki sai ya ɗauki wayarsa ya shiga tasha yana bin motoci yana durƙusawa, yana tsokale ramukan ƙofofin da ba a kawo masa ba. Wasu su gode, wasu su yi masa dariya, 'yan kamasho suna ce masa ya samu taɓin hankali. Wata rana wani ɗan kwangila ya ajiye sabuwar mota a bakin tasha, direbansa ya fito ya ga dattijo a tsugune yana soka waya a ƙasan ƙofa, ya hankaɗe shi ya faɗi. Na taso da almakashi a hannu, Allah Ya sa aka riƙe ni. Bukar ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ce wa yaron, "Na baya a toshe suke, ɗana. Ka sa a duba maka kafin ruwa." Matarsa Falmata ta taɓa gaya wa iyalina cewa duk ranar da hadari ya haɗu, kowa yana murna, shi ba ya iya cin abinci. Zama yake yi a bakin ƙofa yana tuno motocin da suka bi ta hannunsa.

Hayaƙin kwaltar da ya shaƙa tsawon rayuwarsa shi ya kama ƙirjinsa. Bara tari ya hana shi fitowa, kuma a daidai lokacin ɗan Alaramma ya zo ya ɗauke mahaifinsa ya mai da shi ƙauyensu na asali a bayan Baturiya. Sallah biyu suka wuce Bukar bai je gaisuwa ba, abin yana cinsa fiye da tarin. Da daminar bana ta yi tsakiya ya aika a kira ni. Na same shi ya rame, muryarsa kamar ta wani. Ya ce, "Bawana, zan aike ka. Ka je ka ce wa Malam, Bukar yana kan hanya. Kada ka yi masa faɗa, na san halinka. Kalma ɗaya nake so, ka kawo mini ita." Washegari na tafi har bakin ruwa. Kogi ya cika ya batse, ya shafe hanya, masu kwalekwale suka ce ko ɗan'uwansu ba za su ɗauka ba sai ya ɗan sauka. Na dawo na gaya masa. Ya ce, "To, ka jira. Ni dai ban sani ba ko za a jira ni." A cikin wannan jiran Yagana ta zo tasha.

Bayan addu'ar uku na koma bakin ruwa. Bai janye sosai ba, amma na sami wani masunci da ya ji labarin ya ce in shiga. Muka ratsa ta kan gonakin shinkafar da ruwa ya shanye, tsuntsaye suna tashi a gabanmu, ni kuwa ina ta shirya maganar da zan faɗa, ina cire masu zafi kamar yadda marigayi ya umarce ni. Ɗan Alaramma, Malam Sani, ya tarbe ni da mutunci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Buba, zo ka gani da idonka."

Tsohon yana zaune a inuwa a kan buzu, yana karatu. Na tsaya na saurara, ko harafi bai kauce ba. Amma da na yi sallama sai ya kira ni da sunan wansa, wanda Malam Sani ya ce ya rasu tun kafin a haifi shi Malam Sanin. Na ce, "Allah Ya gafarta malam, daga Haɗeja nake. Bukar mai ƙofa Allah Ya yi masa rasuwa." Ya ce, "Allah Ya ji ƙansa," kamar yadda ake faɗa wa baƙon da ba a sani ba. Na tuna masa motar Ɗanladi, da hanyar Birniwa, da gafaka, da ruwan da aka yi. Fuskarsa ta yi haske ya ce, "An yi ruwa? Alhamdu lillahi. A ce wa Inna ta fito da iri."

Na zauna a ƙasa. Malam Sani ya ga halin da nake ciki, ya matsa kusa da kunnen mahaifinsa ya ce, "Baba, ka ce ka yafe wa Bukar."

Tsohon ya gyara zama kamar ɗalibin da ake biya wa karatu, ya ce, "Na yafe wa Bukar."

"Duniya da lahira."

"Duniya da lahira."

Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba. Shekarun da abokina ya yi yana jiran kalmar nan, ga ta ta fito da sauƙi kamar an ce a miƙo buta. Na yi godiya, na yunƙura zan tashi, sai tsohon ya laluba ya kama bakin rigata, ya ce a hankali, "Yaya, wane ne Bukar?"

Malam Sani ya raka ni bakin ruwa. Na tambaye shi ko mahaifinsa ya taɓa yin zancen nan lokacin da hankalinsa yake tare da shi. Ya ce sau ɗaya. Wata Sallah bayan Bukar ya fita, shi Malam Sani ya ce masa, "Baba, mutumin nan fa ya wahala." Tsohon ya ce kullum yana roƙon Allah Ya cire masa abin daga zuciya, ranar da ya fita zai aika a kira Bukar da kansa, amma ba zai yi wa mutumin kirki ƙarya da sunan yafiya ba. Daga nan haushin da na riƙe shekara da shekaru ya sake ni, abin da ya maye gurbinsa kuwa ya fi shi nauyi.

Na tambayi malamai biyu da na amince da su. Ɗaya ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, maganarsa ba ta ƙulla komai, ba ta kwance komai. Ɗayan ya ce zuciyar da ta manta ba ta riƙe da kowa, kuma wa ya sani ko wannan mantuwar ita ce amsar addu'ar da tsohon ya yi ta yi. Ni mai ɗinkin kujera ne, ba zan iya raba su ba. Tun da na dawo ban yi barcin kirki ba.

Ranar da na dawo na wuce gidan marigayi kai tsaye. Falmata tana cikin takaba, daga bayan labule ta yi mini magana. Ta ce, "Malam Buba, ka same shi?"

Na ce, "Na same shi."

"Ya faɗa?"

"Ya faɗa."

"Da bakinsa?"

Na ce, "Da bakinsa, a gaban ɗansa."

Na ji ta yi hamdala, sannan ta fashe da kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya. An ce ranar ce ta fara cin abinci sosai tun da aka yi rasuwar. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban faɗa mata tambayar da ta biyo baya ba. Yagana kaɗai na gaya wa komai, don ta yi makaranta, za ta karanta wannan. Ita ta ce in rubuta yadda abin yake, domin mahaifinta bai taɓa rufe abin da bai gyaru ba sai sau ɗaya, kuma ita za ta san ranar da ta dace ta gaya wa mahaifiyarta.

Ya Allah, Kai Ka ji abin da tsohon nan ya faɗa, Kai kaɗai Ka san matsayinsa a wurinKa. In ya isa, Ka karɓa. In bai isa ba, taskarKa ba ta ƙarewa: Ka ba Alaramma Isiyaku ladan kowane harafi da ruwa ya wanke, Ka ninka masa har ya yarda ya saki bawanKa Bukar ranar da za su tsaya a gabanKa. Ka dubi sawun da ya yi zuwa zauren nan, da kunyarKa da ya ji, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka ba Falmata haƙuri, Ka raya Yagana da ƙannenta a kan gaskiyar mahaifinsu, kada Ka bar su su tozarta. Duk wanda ya karanta wannan, in yana riƙe da wani a zuciya, Ka sauƙaƙe masa sakinsa tun su biyun suna gane juna. Ni kuma da aka aika na dawo da abin da ban san nauyinsa ba, Ka sa ranar da zan haɗu da abokina ya ce mini saƙon ya iso. Amin.